Keke Biyu a Bayan Gwaggo

Swakopmund, ranar Talata

Frieda tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin, ya numfashin? Ina fata kina samun barci a wannan gadon asibitin da kika ce bencin coci ya fi shi taushi. Ki gaishe da Desiree, ki ce mata ubanta ya gode da ta ajiye aikinta ta zauna da ke. Mu nan lafiya lau, in har ana iya kiran mutum ɗaya "mu".

Na iso gida ban suma a hanya ba, ki gaya wa ma'aikaciyar jinyar nan da ta yi mini dariya. Har yanzu ina kan bakana cewa zafin Windhoek ne ya kayar da ni, ba ganin allurar da suka soka miki ba. Amma na karɓi hukunci. Kin ce fuskata ta fi wuƙar likita ba ki tsoro, kuma na hana likitan zuciya aikinsa da tambayoyin da na haddato daga littattafai. Kin kore ni daga birni guda, kin hana ni kiran waya, kin ce in ina da magana in rubuta in ba Shilongo direban bas, domin a takarda ba a jin rawar murya. To ga ni ina biyayya. Gwaggo ma ta yi biyayya, ta kawo ni ba tari ko sau ɗaya, abin da ba kowace mota mai shekarunta za ta yi ba.

Sai maganar aikin da kika ba ni: kafin a sallame ki in nemo kariyar da za a maƙala a ƙugiyar bayan Gwaggo, ta ɗauki kekunanmu masu batir zuwa Okombahe, don ki shiga garinku ta cikin yashin kogi, a kan taya mai kaurin cinyar bijimi, gwaggonninki su riƙe baki. Na daɗe ina koyarwa, Frieda. Na san irin aikin da ake ba yaro don ya zauna wuri ɗaya ya bar mutane su huta. Duk da haka na ɗauke shi da gaske, tun da ba ni da wani.

Jiya na je shagon Ruan. Kin tuna shi, tsohon ɗalibina wanda ya gama ajina bai riƙe shekarar yaƙi ko ɗaya ba. Yanzu ya ajiye gemu da tumbi, yana sayar da kayan keke, yana magana kamar rediyo. Ya fara nuna mini irin wadda ake rataye keke a jikinta kamar akuyar da aka feɗe. Ya ce wannan ta 'yan tsere ce masu keke mai nauyin kaza, namu za su lanƙwasa ta kafin mu bar gari. Na tambayi ta saman mota. Ya dube ni tun daga furfura har takalmi, ya tambaya cikin ladabi wa zai ɗaga keken. Na bar zancen.

Sai muka koma ga irin wadda keke ke tsayawa a kanta da ƙafafunsa, kowace taya ta zauna a nata kwarin. Nan ma yawancinsu kwarin ya yi wa tayarmu kaɗan, maɗaurin kuma ba ya zagaye ta. Wasu an rubuta a takardarsu da ƙananan baƙi cewa don kwalta kawai aka yi su. Wanda ya rubuta haka bai taɓa bin gargadar hanyar Uis ba, inda haƙoran mutum ke gaisawa da junansu. Akwai wadda ke sunkuyawa a buɗe but ɗin mota, akwai mai 'yar gada da ake turo keke ta kai ba sai an ɗaga ba. Wannan ta burge ni, don na tuna ba za a bar ki ki ɗaga ko tukunya ba bayan aikin zuciyar.

Har na fara jin daɗin kaina, sai ya ce:

"Malam, keke nawa ne? In ɗaya ne ga ta nan a ajiye, yau ma sai in ɗaura maka. In biyu ne sai na nemo."

Tambayar ɗan kasuwa ce, bai san kina asibiti ba. Na tsaya ina kallon kariyar nan mai kwari ɗaya, siririya, tsaf da ita, kamar an yi ta ne don ni. Na ce masa bari in je in auna. Ya ce me zan auna, ai keke ƙirga shi ake yi. Na fito na bar hulata a kan kanta, har yanzu ban koma ɗauka ba.

Ki ci abin da suka ba ki ko ba gishiri. Na zuba wa shukokinki ruwa, wanda ke bakin taga ina jin na yi masa yawa.

Naki mai biyayya,
Theofelus


Swakopmund, ranar Juma'a

Frieda tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya kwanan asibiti, ya ƙafafun, kumburin ya sauka? Shilongo ya kawo saƙonki da baki, ya tsaya a ƙofar gida bai kashe mota ba, fasinjoji suna saurare, ya ce Madam ta ce ka daina falsafa ka sayi ƙarfe. Yanzu rabin unguwa sun sani. Ya kuma ce an sa ranar Talata mai zuwa za a buɗe ƙirjin a gyara 'yar ƙofar nan ta zuciya da ta ƙi rufuwa. Wannan ya faɗa a hankali, na gode masa.

Na yi ƙoƙarin sayen ƙarfe, amma lissafi ya tare ni. A jikin ƙugiyar Gwaggo akwai ɗan tambari, na kwanta a ƙasa da tocila na karanta: kilo saba'in da biyar take ɗauka. Na fito da ma'aunin banɗaki, wanda kike cewa maƙaryaci ne, na auna kekunan. Kowanne talatin da uku. Kariya mai ɗaukar biyu ita kanta ashirin ce. In an zare batiran an sa su cikin mota, har yanzu mun wuce da kilo uku. Na sake lissafin ta sama, na sake ta ƙasa. Keke ɗaya yana shiga da sarari, biyu ba sa shiga. Ban taɓa yarda da camfi ba, kin sani, na sha yi wa 'yan'uwanki dariya a kan kukan mujiya. Amma na zauna a kan bokiti a gareji, takarda a hannu, ina jin kamar ƙarfe ma ya san abin da likita bai gaya mini ba.

A haka maƙwabcinmu Gerson ya same ni. Ya leƙo ta katanga da kofin shayinsa, ya tambaya wa ya mutu. Da ya ga fuskata sai ya haɗiye sauran, ya zagayo. Na nuna masa lissafin. Ya ce shi shekara da shekaru yana jan jirgin kamun kifinsa bai taɓa karanta tambari ba, Turawa ne ke rubuta waɗannan don lauyoyi. Ya tambaye ni nauyina. Na ce tamanin da biyar. Ya ce in daina ƙarya a gaban ma'auni, sannan ya ce:

"To Malam, ai kai ne keke biyu da kariyarsu. Hau mu gani."

Ki yi tunanin mijinki, wanda ya koyar da tarihi ga rabin garin nan, tsaye da ƙafa ɗaya a kan dunƙulen ƙarfe, ya rungume bayan mota. Ta ɗauke ni. Gerson ya ce tsayuwa ba gwaji ba ce, hanyar Uis ba tsaye take ba, in yi tsalle kamar gargada. Na yi. Na sake yi. Sai na ji wata ƙara kamar an taka busasshen ƙashi, na tsinci kaina a ƙasa ina kallon rufin gareji, ƙugiyar kuma a gefena.

Ban ji ciwo ba sai a ƙugu da mutunci, kada ki damu. Gerson ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Da muka ɗauki ƙarfen muka duba, dariyar ta tsaya. Ta waje baƙin fenti ne sumul, yana sheƙi. Ta ciki kuwa tsatsa ta cinye shi, duk ya zama ƙanzo, ina taɓawa yana zuba a tafin hannuna. Hanyar nan ta bakin teku da aka yi da gishiri ce ta jawo, Frieda, duk zuwanmu Henties Bay kamun kifi. Kin san ban taɓa dawowa ban wanke ƙarƙashin motar nan ba, har kina cewa na fi kula da cikin Gwaggo a kan nawa. Ashe ruwan gishirin ya shiga cikin bututun, inda tiyo ba ya kaiwa, ya zauna yana ci a hankali, ni ina ta goge waje.

Gerson ya ce in gode wa Allah da ta karye a nan, da a hanya ne da kekunan sun shiga ƙarƙashin motar wani. Gaskiyarsa. Amma ba abin da ya hana ni cin abinci ke nan ba. Na tuna likitan nan yana nuna mana hoton zuciyarki yana cewa daga waje babu abin da ya nuna, mace mai tafiya a ƙasa, ba taba, ba giya. Ya ce sai sun buɗe za su san iyakar abin. Tun jiya ƙarfen yana kan teburin cin abinci, na kasa jefar da shi, na kasa daina kallonsa.

Na so in ɓoye miki wannan, sai na tuna Gerson ya riga ya gaya wa Shilongo.

Ki gaishe da Desiree. Allah ya ba ki lafiya.

Naki,
Theofelus


Swakopmund, ranar Litinin

Frieda tawa,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki, duk da na san amsar da za ki bayar ko da yaya yake. Wannan za ta same ki da yamma, kafin su hana ki abinci.

An sa wa Gwaggo sabuwar ƙugiya a Walvis Bay, mai ɗaukar fiye da kilo ɗari, an fesa mata maganin tsatsa ciki da waje. Na tsaya a kan mai aikin har ya ba ni kujera ya ce in zauna can nesa. Kin ga ba ke kaɗai ba ce. Lissafi ya daidaita, babu sauran abin da zan ɓuya a bayansa.

Jiya na je coci. Matan mawaƙa sun bar gurbinki a layi na biyu ba wanda ya matsa ya cike, suka yi waƙar da kike ja, ba ta yi daɗi ba, kuma na ji daɗin hakan. Fasto ya ambaci sunanki a addu'a, Elfriede Haraseb, cikakke, irin yadda ake karanta shi a takardar hukuma. Da aka tashi kowace ta zo da kwanonta, yanzu firjinmu cike yake da tuwon masara da naman akuya kamar gidan da aka yi rashi. Na san alheri ne. Na rufe firjin ban sake buɗewa ba.

Daga coci ban koma gida ba, na zauna a bakin teku cikin hazo ina ta juya tambayar Ruan. Bari in gaya miki abin da na gano, tun da a takarda ba a jin rawar murya. Ni ba na son keken nan. Ban taɓa son sa ba. Sirdin yana cin mutuncina, ƙarar injin kamar sauro, yashi yana shiga mini ko'ina. Abin da nake so shi ne in kasance a bayanki, ina ganin ɗankwalinki yana kaɗawa a ƙarƙashin hular kwano, kina waiwayowa kina cewa Malam ka taka mana. In kin dawo, keke biyu za mu ɗauka. In ba ki dawo ba, babu inda zan kai keke, ko ɗaya, ko rabi. Kariya mai kwari ɗaya ba ta da ranar da za ta yi mini amfani. Kwana da kwanaki ina tsoron wani ƙarfe da ba ni da abin yi da shi.

Yau da safe na koma shagon. Tun daga ƙofa na ce biyu, da ƙarfi, har wata baƙuwa mai duba safar hannu ta waiwayo. Ruan ya ce ai ya riga ya nemo, tana bayan kanta tun ranar Alhamis, matarsa ce ta ji labarinki a kasuwa. Ya miƙo mini hulata bai ƙara magana ba, karo na farko a rayuwarsa. Mai faɗin kwari ce, an yarda ta bi burji, tana da fitilunta da wurin lambar mota, da 'yar gadar nan. Gobe zan ɗora su in gwada, don in samu abin yi da hannuna lokacin da suke aikinsu.

Tsoro bai tafi ba, kada ki ɗauka na zama jarumi. Yana nan zaune a ƙirjina kamar dutse. Ki shiga ki fito, Frieda. Na sayi ƙarfe.

Naki har kullum,
Theo


Windhoek, filin ajiye motoci na asibiti, ranar Alhamis

Frieda,

Ya jiki? Na san ba za ki amsa ba, amma ba a fara wasiƙa babu gaisuwa. Desiree ta ce za ta karanta miki wannan a kunne, likitoci sun ce mai yiwuwa kina ji.

Sun ce aikin ya yi, 'yar ƙofar tana rufuwa. Ke ce kika ƙi farkawa. Jiya da hantsi Desiree ta kira, ta ce Baba ka zo, ba ta ƙara komai ba. Kekunan suna kan kariya tun shekaranjiya da na gwada, ban tsaya sauke su ba, ban ma tuna ana saukewa ba. Batiran na sa su a kujerar gaba na ɗaura musu bel. Gerson ya biyo ni da gudu da silifa ɗaya ya rufe mini ƙofar gida.

Ban san yadda na yi tuƙin nan ba. Idona rabi a hanya, rabi a madubi. Duk ramin da muka faɗa sai in ga kawunan kekunan sun girgiza, in ce yanzu ɗaya zai tafi. Na tsaya a Usakos na ja maɗaurai, na tsaya a Karibib na sake ja, alhali babu wanda ya saki. Na sa wa raina wata wauta, cewa in na kai su duka biyun, ke ma za ki kai. Mutumin da ya yi wa mujiya dariya ke nan.

A shingen 'yan sanda na bakin gari wata jami'a ta zagaya bayan motar, ta duba fitilu da lamba, ta buga tayar da yatsa tana murmushi. Ta leƙo ta ga kujerar gaba, ta ce:

"Baba, keke biyu, mutum ɗaya? Ina ka baro Mama?"

Ta dube ni, ta dubi batiran da bel, ta miƙo mini lasisina da hannu biyu ta ce in tafi a hankali.

Na shiga na gan ki ta gilashi. Ban suma ba, na zauna a ƙasa da kaina tun kafin abin ya zo, ma'aikaciyar nan ta ce an samu ci gaba. Kin yi ƙanƙanta a gadon, Frieda. Bututu a bakinki, ke da ba a taɓa rufe wa baki ba. Na kasa daɗewa. Ba ki janye korar da kika yi mini ba, don haka na dawo mota, nan nake zaune, a inuwar wata bishiya, daidai ƙarƙashin tagoginku. Masu gadi sun saba da ni. Mutane suna tsayawa suna tambaya ko kekunan na sayarwa ne.

Na ce wa Desiree ta ɗauki hoton motar ta ajiye a wayarta. Ki tashi ki duba aikin da kika sa ni. Ban iya ba wa kaina maki ba.

Naki,
Theo


Windhoek, wuri ɗaya, ranar Asabar

Uwar Desiree, barka da tashi.

Ya maƙogwaron, ya ɗinkin? An ce kada a gajiyar da ke, don haka zan taƙaita, abin da ban saba ba.

Ina zaune ina cin burodin jiya sai na hango 'yarki ta fito da gudu tana kuka. Na miƙe na riƙe kariyar. Ta iso, na girgiza ta. Ta ce an cire bututun, kin sha ruwa, ta nuna miki hoton, kin daɗe kina kallo, sannan kin jawo ta kusa kin ce da wata murya kamar ta ƙofar gareji:

"Kekena ya sa a waje. In an buge mu ta baya, nasa ya tsira."

Na yi karatu da yawa a rayuwata, ban taɓa jin jimlar da ta kai wannan daɗi ba.

Likita ya ce kada mu yi saurin murna, akwai sauran kwanaki masu wuya, zazzaɓi na iya zuwa, kuma maganar Okombahe a bana sai dai a gani. Na ji, kuma dutsen nan bai sauka daga ƙirjina duka ba. Amma zargin da kika yi mini ba zan bar shi haka ba. Na waje shi ake fara saukewa. Na sa naki a nan ne don ki riga ni shiga yashi, in biyo ki a baya kamar kullum.

Desiree ta ce in juya su don ki samu kwanciyar hankali. Ban juya ba, kuma ba zan juya ba. In bai yi miki ba, motar tana nan ƙarƙashin tagarki. Ki sauko ki tsaya a kaina in gyara.

Naki, wanda har yanzu ke jiran izinin shigowa,
Theofelus Haraseb